Saki Ba A Gaban Alƙali Ba: Abin Da Matan Kafanchan Ke Bin Mazajensu Na Kurmi

Duk wanda ya san Kafanchan ya san gari ne da hanya ta haifa. Tun wajen 1927 da dogo ya taso daga Fatakwal, ya ratsa Inugu da Makurɗi, ya iso nan ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya hau Jos, sai ƙauyen Fantsuwam ya zama mahaɗa. Hausawa da Filani da Ibo da Yarabawa suka zo suka tarar da Kaninkon da Bajju da Kagoro da sauran ƙabilun kewaye, har a 1933 Sarkin Jama'a da kansa ya dawo da fadarsa garin. To, garin da ke bakin hanya mazansa ba su zama. Jirgi ya daina zirga-zirgar da ya saba, amma tirela ta gaje shi, tana kwasar citta daga Kachia da Kwoi zuwa Ikko, tana kwasar maza kuma. Cikin masu karanta wannan shafi a Agege da Idi-Araba, da Sabon Badun da Shagamu, da Anaca da Fatakwal, akwai da yawa da suka bar iyali a Kafanchan ko Jagindi, ko Godogodo, ko Gwantu, ko Kagarko.

Maganarmu ta yau a kan yadda aure ke mutuwa daga nesa ne. A zamanin da, mutum yakan rubuta layi uku a fallen takarda, ya ba direba ko wani ɗan'uwa mai tafiya gida. Yanzu ko takardar ma ba a nema: kiran waya ne, ko saƙon WhatsApp. Kafin la'asar mace ta ɗaure kayanta ta nufi gidan iyaye. Babu alƙali, babu shaidu, babu wanda ya rubuta kwanan wata. Shin irin wannan saki ya yiwu? In ya yiwu, me ya rage wa matar? Amsar ta farko gajera ce. Ta biyun ce mutane ba su cika son ji ba.

SAKIN YA YIWU

Kotunan Musulunci na Arewa da mazhabar Imam Malik suke hukunci, littattafan da ke gaban alƙali kuwa su ne waɗanda ake karantawa a zaure: Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Shehu Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim. A wurinsu saki yana hannun miji. Ba ya bukatar iznin alƙali, kafa shaidu kuma abin so ne amma rashinsu ba ya hana saki aukuwa. Wasa ba ya hana shi, fushi ma ba ya hana shi sai in ya kai mutum ya fita hayyacinsa. Wanda ya rubuta da niyyar yankewa, sakin ya faɗa tun daga rubutun. Wanda ya rubuta yana wasi-wasi, sai takardar ta isa hannun matar. Malaman yanzu da wannan ma'auni suke auna saƙon waya. Magana dai zarar bunu ce.

Sai dai akwai sakin da Sunna ta koyar, watau saki ɗaya, cikin tsarkin da miji bai kusanci matar ba. Wanda ya yi saki tana cikin haila, sakin ya ƙirgu, amma Malikiyya sun ce a tilasta masa ya mai da ita. Mutumin da ke Ikko, wata shida bai ga iyalinsa ba, ina ya san halin da take ciki ranar da ya ɗaga waya? Shi kuwa saki uku a baki ɗaya, bidi'a ne kuma laifi ne, amma mazhabar ta ƙirga shi uku. Wasu malamai na bin fatawar Ibn Taimiyya su ƙirga shi ɗaya, abin da ƙasar Masar ta mai da shi doka tun 1929. Wannan saɓani shi ke sa a ga dangi suna yawo daga zauren wannan malami zuwa wancan, kowa na neman amsar da ta yi masa daɗi. A ganina saki uku a dunƙule shi ne ya fi kowane cutar da mace, gama kamar yadda za mu gani, da kalma ɗaya yakan yanke mata ciyarwa da gado gaba ɗaya.

IDDA A ƊAKINTA

Kuskure na farko da kusan kowa ke yi shi ne tafiyar nan ta ranar saki. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana miji fitar da mace daga ɗakinta lokacin idda, ta kuma hana ita matar fita. Al'adarmu ta juya wannan baya gaba. Macen da ta kwana a gidan bayan an sake ta sai a ce ba ta da zuciya, iyayenta ma su ne na farkon aiko wa ta taho. Alhali kuwa muddin sakin na kome ne, watau na ɗaya ko na biyu, matarsa ce har iddar ta cika. Ci da sha da tufa da muhalli duk suna wuyansa. In gidan haya ne a Kafanchan, shi zai biya mai gida, ko da yana kwana a rumfar kasuwar Mile 12. In sakin ya yanke, kamar na uku ko na kul'i, ciyarwa ta faɗi amma muhalli yana nan. Mai ciki kuwa, ko wane irin saki ne, za a ciyar da ita har ta sauka.

Sa'an nan idda ba wata uku ba ce kullum, kamar yadda ake ɗauka a tasha. Wata uku na wadda ta daina haila ne. Mai haila tsarki uku za ta ƙirga. Mai ciki haihuwa ce iddarta, ko saura kwana biyu ko wata takwas. Wadda jini ya ɗauke mata ba a san dalili ba, shekara guda za ta yi. Mai goyon da shayarwa ta ɗauke wa jini kuwa, sai ta jira ya dawo ta ƙirga tsarkinta uku, ko da abin ya wuce shekara. Ke nan mutumin da ya saki mai jego saki ɗaya, ya ƙirga kwana casa'in ya ce ya fita, mai yiwuwa ne har yanzu bashin abinci na taruwa a kansa bai sani ba.

Ga kuma batun gado, wanda bai kamata matafiyi ya raina ba, gama kowa ya san hanyar Lokoja da ta Okene. In miji ya rasu matar na cikin iddar sakin kome, ta bar iddar saki ta kama takaba wata huɗu da kwana goma, kuma tana da gadonta cif: tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, su raba da kishiyoyinta in akwai. Sau nawa dangin mamaci kan ce ai ya sake ta, ba ta da kome? In sun faɗi haka, sai a tambaye su saki nawa, kuma yaushe. Har ila yau, wanda ya saki matarsa yana kan ciwon ajali, Malikiyya sun ce za ta gaje shi ko da iddar ta ƙare, kai ko da ta yi wani aure. Hujjarsu ita ce hukuncin Sayyidina Usman, da ya ba matar Abdurrahman ɗan Aufu gado bayan mijin ya yanke aurenta yana jinya.

RANAR DA AKA YI SAKI

Nan ne fa sakin nesa ke kawo rikici, kuma nan ne malaman da suka riga mu suka nuna sun san halin fatake. A ce mutum ya yi shiru wata takwas, ba aike ba waya, sa'an nan ya zo gida da Babbar Salla ya ce ai tun watan Azumin bara ya sake ta. Muhtasar ya ce in ba shi da shaidu, iddarta za ta fara ne daga ranar da ya faɗi, ba daga ranar da yake da'awa ba. In ya mutu cikin wannan idda za ta gaje shi. In ita ta mutu bayan lokacin da shi ya ce iddar ta cika, ba zai gaje ta ba, gama bakinsa ya kama shi. Abin da ta ci daga dukiyarsa kafin ta sani ba zai karɓa ba, abin da ta ranto don ta ci kuwa shi zai biya.

Haka nan kome. Miji yana iya mai da matarsa cikin idda da magana, ba sai da yardarta ko sabon sadaki ba. Amma malamai sun ce macen da ta ƙi ba shi kanta sai ya kafa shaidu a kan komen, ta yi daidai. In kuwa ya yi komen a zuciyarsa can Kurmi, bai sanar da ita ba, har ta gama idda ta auri wani ya tare da ita, to ta kuɓuce masa. Na faɗi wannan domin akwai masu barin mace a rataye: in mai neman aure ya fito, sai su bullo su ce ai sun yi kome. Suratul Baƙara aya ta 231 ta yi kashedi da riƙe mace don cutarwa.

Akwai wata ƙa'ida da ya kamata kowace mace da kowane waliyyi su riƙe. In miji yana tafiya, ya dawo ya ce ya riƙa aiko da kuɗi, matar ta ce ƙarya ne, maganar wa za a karɓa? Muhtasar ya ce ta matar, amma daga ranar da ta kai kuka gaban hukuma. Faɗa wa maƙwabta ko dattawan unguwa bai wadatar ba. Kafin wannan rana, maganar mijin za a karɓa da rantsuwa. Watau duk watan da aka kwashe ana ba ta haƙuri, ana cewa kai uban 'ya'ya ƙara abin kunya ne, wata ne da hakkinta ke zubewa.

SADAKI, KAYAN ƊAKI DA FANSAR KAI

Sadaki nata ne. In akwai ragowar da aka yi wa ajali, bashi ne sai an biya. In an yi saki kafin tarewa, tana da rabi kuma babu idda. Lefe da duk wata kyauta da ta shiga hannunta, ba a karɓe su bayan an tare. Suratun Nisa'i aya ta 20 da ta 21 sun rufe wannan ƙofa. Gado da katifa da kujeru da tukwanen da iyayenta suka jera nata ne. In an yi gardama kan wani abu babu shaida, abin da aka san na mata ne a ba mace da rantsuwa, saura a ba miji da rantsuwa. Saboda haka macen da ta sayi firiji ko keken ɗinki ko injin markaɗe da kuɗin sana'arta, ta adana rasit.

Akwai kuma kyautar sallama da ake kira mut'a, wadda Suratul Baƙara ta ambata a aya ta 236 da ta 241. Shafi'iyya sun ce wajibi ce. Malikiyya sun ce abin so ce, alƙali ba ya tilastawa. Mu kuwa da muka ji ba a tilastawa sai muka binne ta ɗungum, har yawancin magidanta ba su taɓa jin sunanta ba.

Dabarar da ta fi muni ita ce ta mijin da ya gaji da aure amma ba ya son ya yi hasarar abin da ya kashe. Sai ya janye aike, ya daina zuwa gida, ya jira ita ta gaji ta nemi kul'i, a zauna a zaure a yanka mata abin da za ta biya. Shari'a ta ga wannan tun tuni. In mace ta tabbatar cutarwa ce ta sa ta fanshi kanta, ko da shaidar abin da ya bazu a bakin maƙwabta ce, sakin ya tabbata kuma a mai da mata dukiyarta. Bugu da ƙari, ba ta ma bukatar fansar: rashin ciyarwa, da doguwar ƙaura, da duka, kowannensu dalili ne da alƙali zai raba aure ba ta biya ko kwabo ba.

'YA'YA NA WA?

A bakin jama'a, ɗa na uba ne: da an yaye shi sai a kai wa kaka ko kishiya. A fiƙihun Malikiyya, suna da nasaba da walicci na uba ne, amma reno na uwa ne, kuma a cikin mazhabobi huɗu babu wadda ta tsawaita wa uwa kamar tamu. Namiji yana hannunta har ya balaga. Mace tana hannunta har ta yi aure ta tare. In uwa ta auri wani bare ya tare da ita, renon ya faɗi daga hannunta, amma ba uban ne ke bi ba. Kakar yara ta wajen uwa ce, sa'an nan inna 'yar'uwar uwa, kafin a zo kan dangin uba. In wanda ke da hakkin karɓa ya san ta yi aure ya yi shiru shekara guda, yara sun zauna wurinta.

Duk tsawon wannan lokaci uba ne mai ciyarwa da tufatarwa, da rabon yara daga kuɗin haya, gwargwadon samunsa. Bayan idda, in tana shayarwa tana da ladan shayarwa dabam, kamar yadda aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna. Maganar nan ta "in kina son su ki ci da su, in ba ki iyawa ki kawo mini abina" ba ta da gindi a littafi.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, akwai wurare biyu da hukuncin ya karkata wajen uba, kuma duka biyun sun shafi mazauna Kurmi. Na farko tafiya. In uba ya ƙaura ƙaurar zama zuwa wurin da ya kai baridi shida, watau mil 72 a lissafin malamai, kimanin kilomita 130, yana da ikon tafiya da yaro, sai fa in uwar ta yarda ta bi su can. Haka ita ma in ta yi irin wannan ƙaura, renon yana iya faɗuwa. Amma an sa sharaɗi: hanya da wurin su kasance da aminci, tafiyar kuma ta zama ce, ba ta fatauci ko ci-rani ba. Mutumin da ya gina gida a Agege ya ajiye iyali dabam ne da wanda ke kwana a shago yana komawa gida da damina. Na biyun ba shi da wannan hujja, ko da ya shekara ashirin yana zuwa yana dawowa.

Na biyu shi ne kuɗin ciyar da yara na baya. Ciyarwar mata bashi ce, tana taruwa a kan miji mai hali. Ta 'ya'ya kuwa tana faɗuwa da wucewar lokaci, sai in alƙali ya riga ya yanka, ko wanda ya ciyar ya yi da niyyar a biya shi, ba sadaka ba. Uwar da ta shekara biyar tana tuyar ƙosai a bakin tasha tana ci da yara uku, in ta zo kotu daga baya, za ta sha wuya kafin ta karɓi na baya. Na gaba ne mai sauƙi. Wannan ma ya sake komo da mu kan ranar da aka kai ƙara.

ABIN DA YA BAMBANTA KUDANCIN KADUNA

A Kano ko Katsina, mai neman hakkin aure ƙofa ɗaya ya sani. A Kafanchan ƙofa uku ce. Kotunan alƙalai na En'e sun koma hannun gwamnatin jiha bayan dokar soja ta 1967, aka kira su kotunan yanki, suna yi wa Musulmi da wanda ba Musulmi ba shari'a. Bayan rikicin Kaduna na 2000, gwamnatin Ahmed Muhammad Maƙarfi ta soke su a 2001, ta kafa kotunan Shari'a domin Musulmi da kotunan gargajiya domin masu bin al'ada. Auren da aka ɗaura a rajista kuwa, Babbar Kotu kaɗai ke iya kashe shi, bisa dokar 1970. Babu wata takardar saki da ke taɓa shi. Wanda bai gamsu da hukuncin kotun Shari'a ba yana iya ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta iko a kan aure da rabuwa da riƙon yara da gado. Yin saki a gida bai rufe ko ɗaya daga waɗannan ƙofofi ba. Alƙali ba zai warware sakin ba, amma zai tabbatar da shi a rubuce, ya yanka abin da ya biyo baya.

Sa'an nan wannan yanki ne na auratayya. Akwai gidajen Musulmi da yawa da uwargida ko amarya 'yar Bajju ce ko Jaba ko Kataf ko Kagoro, wata ta musulunta, wata tana nan kan Kiristancinta. Ita Kiristar, shari'a ta ba ta sadaki da ciyarwa da muhallin idda daidai da Musulma. Reno ma Malikiyya ba su sa Musulunci sharaɗi ga uwa ba. Iyaka in an ji tsoron tarbiyyar yaro, a sa Musulmi su riƙa lura. Gado ne kawai babu tsakaninsu, sai dai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Amma a aikace ita ce ta fi kowa tafiya hannu rabbana, gama danginta sun saba da al'adar da ke cewa in aure ya mutu 'ya'ya na gidan uba ne, dangin mijin kuwa ba za su gaya mata abin da littafinsu ya ba ta ba. Wadda ta musulunta saboda aure ta ɓata da iyayenta, ita ce a tsaka mai wuya: in an ce ta tafi gidansu, wane gida? A irin wannan ne mutum ke gane hikimar zaman idda a ɗakin miji.

Kada a manta kuma da tarzomar bayan zaɓe ta Afrilu 2011, wadda ta ƙone kasuwar Kafanchan, ta watsa Musulmin Zonkwa da Matsirga, har wasu suka daɗe a sansanin alhazai na Kaduna. Gidaje sun rabu, shaidun aure sun mutu ko sun ƙaura, maza sun bazu neman abinci. Cutar da ta cinye citta a 2023 ta ƙara koro wasu. Inda waliyyi ke Jos, miji ke Fatakwal, limamin da ya ɗaura auren ya rasu, wa zai tuna sadaki nawa aka yanka, nawa aka biya?

NESA BA MAFAKA BA CE

Wasu na ganin da zarar sun ƙetare Kwara sun fi ƙarfin sammaci. Gaskiya ne babu jihar kudu da ke da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, kuma kai sammaci daga Kafanchan zuwa Alaba Rago aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Amma Malikiyya sun yarda a yi wa wanda ba ya nan hukunci. Alƙali na iya yanka ciyarwa daga dukiyar da ya bari, da ajiyarsa a hannun mutane, da bashin da yake bi, har a sayar da gidansa in ta kama. Mai gona a Jagindi ko buhunan citta a sito ya san da wannan.

A nan Kurmi kuwa, tun asali fadar Sarkin Hausawa ce kotunmu. Baturen nan Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Badun a 1962 da 1963 ya kuma buga littafinsa a 1969, ya nuna yadda rigingimun aure ke ƙarewa a gaban Sarkin Sabo da malamai. Tun 2002 kuma akwai majalisun sulhu na Shari'a masu zaman kansu a Badun da Ikko, sai dai ba su da ɗan sanda ba su da kurkuku. Wanda ya yarda ne ke zuwa. Ta ɓangaren dokar ƙasa, dokar tarayya ta 2015 mai hana cin zarafi ta mai da korar abokin aure daga gida da watsar da iyali ba abinci laifi mai kai mutum ɗauri. Ikonta a Abuja yake, amma Jihar Kaduna ta yi tata a 2018.

Sauran ƙasashen Musulmi sun daɗe da gane cewa matsalar ba ta rashin hakki ba ce, ta rashin rubutu ce. Tunisiya ta ce tun 1956 babu saki sai a kotu. Pakistan ta ce a 1961 mai saki ya rubuta wa shugaban ƙaramar majalisa, ya ba matar kwafi, kuma sakin ba zai fara aiki ba sai bayan kwana 90. Masar a 1985 ta tilasta yin rajistar saki, ta yanka mut'a da ba ta gaza ciyarwar shekara biyu ba ga wadda aka saka ba da yardarta ba kuma ba da laifinta ba. Maroko, wadda ita ma Malikiyya ce kamarmu, ta ce a dokarta ta 2004 miji ya ajiye hakkin mata da 'ya'ya a asusun kotu cikin kwana 30, in bai ajiye ba a ɗauka ya fasa sakin. Mu nan an yi yunƙuri a Kano. A Janairu 2009 Hajiya Atine Abdullahi ta shirya zanga-zangar zawarawa, Hisba ta hana. A 2012 gwamnatin Kwankwaso ta fara auren zawarawa. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya fito da maganar kundin dokar iyali, amma har aka sauke shi a 2020 majalisa ba ta mai da shi doka ba. Aurar da zawarawa alheri ne, sai dai bai tambayi mijin farko abin da ya biya ba.

Kafin mu sami irin wannan doka, abin da ke hannunmu shi ne takardar kanta. In rabuwa ta zama tilas, a rubuta sunan miji da na mata, da kwanan wata na Musulunci da na Bature, da adadin sakin da kuma ko an taɓa yin wani a baya. A rubuta ko tana da ciki ko goyo, da ragowar sadaki, da abin da za a riƙa aikawa kowane wata domin idda da domin yara, da wanda zai biya haya. Mutum biyu adilai su sa hannu, a bar kwafi wurin liman ko Sarkin Hausawan unguwa, a aika wa waliyyinta ɗaya. Kuɗi kuma a tura ta banki da sunanta, domin rasit ɗin shaida ne ga shi mijin kansa ranar da aka ce bai aiko ba. Ita kuwa matar da saki ya zo mata ta waya, kada ta goge saƙon. Ta nuna wa mutum biyu a ranar, ta kuma je kotun Shari'a mafi kusa a rubuta mata ranar da ta zo. In ba ta san hanya ba, matan FOMWAN, ƙungiyar da aka kafa a Minna a 1985, da lauyoyi mata na FIDA a Kaduna suna karɓar irin wannan kuka.